Shawara: Warin fetur ya hana ni barci, maigida ya ce na raina sana'arsa

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Rigasa. Shekararmu 6 da aure, muna da ɗa mai shekara 4, kuma ina da cikin wata 5. Maigidana bakanike ne, ya fi shekara 15 a gareji, kuma daidai ƙarfinsa bai rage ni da komai ba. Tun da fetur ya yi tsada ƙaninsa ya shiga bumburutu, yana kwanar da jarkoki 4 ko 5 a ɗan ɗakin da ke jingine da namu, ga shi a tsakar gidan muke girki da gawayi. Kusan kullum da ciwon kai da tashin zuciya nake tashi. Shi kuma maigida da fetur yake wanke hannu, da baki yake zuƙo mai daga tanki. Hannuwansa duk sun tsattsage, kwanan nan yana yawan kukan gajiya, in ya yi asuwaki dasashinsa na jini. In na yi magana sai ya ce ai yana shan madarar gwangwani, tana wanke komai. Abin da ya sa na rubuto shi ne ɗanmu ya fito da ƙora a ka, surukata ta sa aka kawo baƙin mai tana shafa masa, ta ce da shi ta yi wa 'ya'yanta duka suka warke. Da na nuna ban so ba, maigida ya yi fushi, ya ce na fara ƙyamar sana'ar da ke ciyar da ni. Yau kwana 3 daga gaisuwa ba abin da ke haɗa mu. Ba na son in ɓata da shi ko da mahaifiyarsa, amma ina jin tsoro. Don Allah a ba ni shawara.

Wata baiwar Allah, Rigasa, Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba yaron sauƙi. Abin da ke damunki ba ƙyama ba ce, kuma ba shagwaɓar masu ciki ba ce. Tsoronki yana kan hanya. Sai dai abubuwan da kika kawo ba nauyinsu ɗaya ba. Kin fi jin zafin maganar baƙin man nan domin ita ta haddasa faɗan, amma mu abin da ya fi tayar mana da hankali a wasiƙarki shi ne jarkokin nan. Sauran suna cin jiki ne sannu a hankali, su kuwa dare ɗaya ya ishe su. Don haka da su za mu fara.

Fetur haɗin sinadarai ne fiye da 100 da aka tace daga ɗanyen mai, kuma da gangan aka yi shi ya zama mai saurin tashi, don mota ta kama da bugu ɗaya. Ko a sanyin da ya kai maki 40 ƙasa da sifiri yana fitar da tururin da wuta za ta iya kamawa, ke nan babu wani hunturun Kaduna da zai sa ya lafa. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururin ne. Tururin nan ya fi iska nauyi sau 3 zuwa 4, shi ya sa ba ya yin sama ya ɓace kamar hayaƙi. Ƙasa yake bi, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, ya bi rariya, ya kwanta daidai inda ake shimfiɗa katifa da tabarma, daidai inda kurfoti yake. Da zarar ya kai wajen kashi 1.4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya wadatar: makunnin fitila, firji in ya tashi, soket lokacin da aka kawo wuta, maganin sauro na kunnawa, ko garwashin da aka zaci ya mutu. Wutar sai ta bi tururin da gudu ta koma har bakin jarka. Lita ɗaya tak in ta zube ta ƙafe, tururinta ya isa ya mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na iskar ɗaki mai ƙafa 12 da 12 abin da zai iya tashi. Ke kuwa kina kwana ne kusa da lita 100 zuwa 125.

Ga kuma jarkar kanta. Yawancin waɗanda 'yan bumburutu ke amfani da su na man girki ne, ba don fetur aka yi su ba, murfinsu ba ya riƙe tururi. In bazara ta kama, a watannin Maris da Afrilu, ɗakin kwano kan yi zafin da za ki ga jarka ta kumbura tana huci. Da hunturu kuma bushewar iska kan sa roba ta tara ɗan lantarkin nan da ke yi wa mutum tsit in ya taɓa ƙofar mota, wanda shi ma yakan tayar da wuta lokacin juye mai.

Maganin wannan ɗaya ne, man ya bar gidan. Ba muna cewa ƙanin mijinki ya bar neman abincinsa ba. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta koma, kuma saurayin da ya tashi ya nemi na kansa ya fi wanda ya zauna. Amma yana da zaɓi. Ya riƙa sayo iya abin da zai sayar a yini, ko ya haɗa kai da abokan sana'arsa su yi kejin ƙarfe mai kwaɗo a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da ɗakunan kwana da masu suya da masu walda. Kada ya riƙa cika jarka har wuya, ya bar sarari kamar yatsu 4. In zai juye, jarka ta zauna a ƙasa, kuma a waje. Ya ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukar man yake yi ya yaɗa shi. Wannan magana kuma ba daga bakinki za ta je masa ba. Yayansa ne zai faɗa masa. In gidan haya kuke, ki tuna maƙwabta ma rayukansu na ciki, suna da haƙƙin magana, haka shi ma mai gidan. Kafin a kwashe, ki nemi izinin maigida ke da yaron ku riƙa kwana a wani ɗakin da ya yi nisa, ko a gidanku in kusa ne. Ki bayyana masa sarai cewa ba yaji ba ne, iska kike gudu.

Ciwon kan da kike tashi da shi ya yi kama da na mai kwana cikin tururin mai. A cikin fetur akwai wasu sinadarai uku 'yan gida ɗaya, benzin da toluwin da zailin. Suna bi ta huhu su shiga jini, su kawo ciwon kai da jiri da tashin zuciya, kuma suna iya ratsa mabiyiya su kai ga abin da ke ciki. Kada wannan ya sa ki yanke cewa an riga an cutar da jaririn. Yawan abin da aka shaƙa da tsawon lokaci su ne ma'auni, kuma da an raba ki da warin, jiki kan fitar da mafi yawansu cikin 'yan kwanaki. Amma kada ki ɗora wa fetur laifin duka ki zauna. Ciwon kai bayan ciki ya wuce sati 20 yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda ke kai wa ga jijjiga. Ki je awo a wannan satin, a gwada jininki da fitsari, ki faɗa musu a bakin me kike kwana. In ciwon ya zo da dishi-dishin gani ko kumburin fuska, ba jiran ranar awo, a ranar za ki tafi. Sannan ki duba inda ake kunna janareta a gidan. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, kuma alamarta ta farko ita ce mutanen ɗaki su tashi da ciwon kai gaba ɗaya. Wurinsa waje ne, kamar mita 6 daga taga da ƙofa, ba zaure ko baranda ba.

Yanzu sai kan yaro. Sabon man juye, kashi 75 zuwa 90 cikin 100 nasa tataccen mai ne, sauran kuma sinadaran ƙari ne masu hana inji ci da tsatsa. Wannan ma ba na shafawa ba ne. Amma baƙin mai wani abu ne daban, domin aikinsa a inji shi ne kwashe datti. Bayan ya yi dubban kilomita yana zagayawa cikin zafi, ya tara garin ƙarafan da suka goge, har da dalma da makamantanta, ya tara ragowar fetur, ya kuma tara dattin ƙuna irin na kunkunniya, wanda aka daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar fata in ya daɗe yana taɓa jiki. Baƙin da kike gani, dattin ke nan. Fatar yaro ta fi ta babba laushi, wurin ƙora kuma ya riga ya buɗe saboda susa, sannan yaro zai sosa kai ya kai hannu baki.

Duk da haka kada ki ɗauki surukarki a matsayin mai mugunta ko mai ƙarya. Da gaske 'ya'yanta sun warke, sai dai ba man ne ya warkar da su ba. Mai, kowane iri ne, yana tausasa ɓawon wurin ya rufe farin, sai a ga kamar an samu sauƙi, ita kuma ƙorar ka takan tafi da kanta in yaro ya doshi balaga. Ƙwayar cutar a cikin silin gashi take zama, inda abin shafawa ba ya kaiwa, shi ya sa ko man shafawa na kemis shi kaɗai ba ya gamawa da ita. Maganinta na sha ne, likita ke auna shi bisa nauyin yaro, a sha kullum na sati 6 zuwa 8 ko da wurin ya yi kyau tun kafin nan. A raba masa mataji da hula da matashi, a riƙa zuwa wa mai aski da abin askinsa na kansa. Wanda aka riga aka shafa kuwa, ki zuba ɗan man gyaɗa ki murza a hankali, ki goge da tsumma mai tsabta, sannan ki wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Kada a sa kananzir ko fetur wai don ya fita da sauri.

Hanyar da ta fi sauƙi da Hajiya ita ce ki sa ta a gaba. Ki roƙe ta ta raka ku asibiti a matsayinta na kaka, ki bar likita ya yi bayanin da bakinsa, sannan ki damƙa mata kula da ba shi maganin. Wadda aka ba riƙon magani ba ta jin an ƙwace mata jika. In kuma wani ya kawo shawarar man birki, kamar yadda wasu ke ɗiga shi a kan ƙuraje da ciwo, ki ƙi. Shi da ruwan lagireto mai launi sinadaran gilaikol ne a cikinsu, masu kashe ƙoda in sun shiga ciki, ga ɗan zaƙi-zaƙi da ke jan yara. Wani daga cikin danginsu ne ya gurɓata wani maganin fitar haƙori a 2008, yara fiye da 80 suka rasu a ƙasar nan, har da na jihar Kaduna.

Shi kuma maigida, ta hanya uku man ke shigarsa, fata da hanci da baki, kuma kowace akwai yadda ake toshe ta ba tare da ya ajiye sifana ba. Fetur na wanke giris da sauri ne domin yana narkar da maiƙo, to haka yake narkar da maiƙon da Allah ya sa a fata don ya tsare ta. Shi ne tsagewar da kike gani. Mafi muni, yana narkar da dattin baƙin man ya tura shi cikin tsagar. Abin da zai maye gurbinsa yana cikin kicin ɗinki: cokali ɗaya na man gyaɗa da cokali ɗaya na sukari ko dusa, a murza a busasshen hannu kamar minti ɗaya, a goge, a bi da sabulu. Da dare ya shafa man kaɗanya ko basilin. Ranar juyen mai da wankin kayan inji ya sa safar hannu ta naitiral, irin shuɗiya ko baƙar nan, domin farar roba ta asibiti mai na cinye ta nan da nan. Wankin kafireta da filogi kuma a yi da buroshi a fili, ba da yatsu a cikin shago ba.

Akwai wata ɗabi'a da kusan kowane bakanike ke da ita, wato cusa tsumman goge hannu a aljihun wando. A masaƙun auduga na Ingila, wajen shekara 100 da suka wuce, an yi ta samun sankarar fatar maraina a tsakanin masu kula da injinan kaɗi, kuma aka gano man injin da ke jiƙa musu wando kullum ne sanadi. Wannan ba maganar da za ki yi a gaban kowa ba ce, amma tsakaninki da mijinki tana iya yin tasirin da dogon wa'azi bai yi ba. Tsumma ya koma rataye, wandon da ya jiƙe da mai a canza shi, kuma a wanke hannu kafin a kama ruwa, ba bayan nan kaɗai ba.

Zuƙo mai da tiyo shi ne mafi ganganci a cikin ɗabi'un nan. Haɗarin ba a ciki yake ba, a huhu yake. Fetur da kananzir ba su da kauri, in mutum ya ƙware da ko ɗan kaɗan ne sai su bazu a huhu su ƙona shi, cikin 'yan sa'o'i a ga tari da haki da zazzaɓi. Ana sayar da ɗan famfon hannu mai tiyo biyu a wajen masu kayan mota, kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Ki riƙe wannan kuma saboda yaronki: wanda ya haɗiyi fetur ko kananzir ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri. Aman ne ke dawo da man ya faɗa huhu. A zaunar da shi, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke baki da jiki, a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake, domin akan sa ido a kansa na aƙalla awa 6. In a ido ya fantsama, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, in zafin bai lafa ba a nufi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando.

Madarar gwangwani abinci ce, ba makari ba. Ciki take zuwa, abin da ya shaƙa kuwa ta huhu ya bi ya riga ya shiga jini, ba su ma haɗu a hanya ba. Illarta ita ce tana ba mutum ƙwarin gwiwar ci gaba da ganganci.

Gajiya da jinin dasashi su ne abin da ba ma so a yi wa jinkiri. Sau da yawa dalilinsu mai sauƙi ne, ciwon dasashi, zazzaɓin cizon sauro ko aikin da ya yi yawa. Amma benzin da muka ambata ɓargo yake taɓawa, inda jiki ke ƙera jini. An tabbatar yana iya rage ƙwayoyin jini, yana kuma cikin abubuwan da ke haddasa sankarar jini, shi ya sa ƙasashen Turai suka taƙaita shi zuwa kashi 1 cikin 100 na fetur. Mutumin da ya yi shekara 15 yana wanke hannu da shi ya cancanci gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini gaba ɗaya, da na ƙoda da hanta. Ana yin su a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada ko Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Ya faɗa wa likita sana'arsa da yadda yake yin ta, domin wannan ne zai nuna masa inda zai duba. In kin ga tabon jini a fatarsa ba tare da ya bugu ba, ko haɓo, ko zazzaɓi mai yawan dawowa, ko tafin hannunsa ya yi fari, to a tafi ba sai an jira ya samu sarari ba.

Saura yadda za ki shawo kansa. Ki gane abin da ya ji, ba abin da kika faɗa ba. Bakanike ya saba da mutane na matsawa in ya shiga mota, ya saba da masu miƙo masa hannu da ɗari-ɗari. Da ya ji makamancin haka a ɗakinsa, kuma a kan abin da mahaifiyarsa ta yi, sai ya ji an haɗa shi da ita an raina. Don haka ki fara da gyara wannan. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban Hajiya ko ƙaninsa ba, ki ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta fito ko da kina da gaskiya, ki faɗa masa da hannun nan nasa kuke ci kuke sha, shi ya sa ba kya son ganinsa a tsage. Kada ki zube masa duka a zama ɗaya. Daren farko jarkoki kawai, kuma ki roƙe shi a matsayin wanda ya fi ki sanin fetur: shi da ba zai bari a kunna ashana kusa da buɗaɗɗen tanki a gareji ba, ya duba tazarar da ke tsakanin ɗakin nan da murhunki. Maganar hannu kuma ba ta buƙatar baki, ki ajiye masa haɗin man gyaɗan da sabulu a inda yake wanki. Gwajin jini ki haɗa shi da ranar awonki, ki ce ku je tare.

In ya ƙi saurara, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, musamman ubangidansa da ya koya masa aiki, ko amininsa, ko limamin masallacinku. A kan safar hannu da madara kina iya haƙuri ki bi shi a hankali, wata da watanni. A kan jarkoki da kan yaro ba a jira. In sati ya zagayo man na nan, ki sanar da waliyyinki a kira zama, in ta kama a kai ga mai unguwa.

Kayan aikinsa kuma su daina shiga ɗaki. Ya riƙa canzawa a gareji, ko a rataye su a waje su sha iska kafin wanki, a jiƙa su daban da omo da ruwan ɗumi, ba tare da kayan yaro ba, kuma kada a tsoma su a fetur ko kananzir. Har ki haihu ki gama jego, wankinsu ya koma hannun yaran gareji ko mai wanki. Ki zagaya gidan yau ki duba ko akwai kananzir, man birki ko baƙin mai da aka zuba a robar lemo ko ta ruwa. Duk wanda kika samu ki ba maigida ya mayar gareji, kananzirin girki kuma ya koma galan mai murfi, a sama, inda hannun ɗan shekara 4 ba ya kaiwa.